Tseren Dutsen Kamaru: inda uwar ƴaƴa bakwai ta zama sarauniya

Duk shekara, in watan Fabrairu ya kama, garin Buea da ke kudu maso yammacin ƙasar Kamaru yakan cika ya batse da baƙi. Gidajen saukar baƙi su cika, masu abinci su ƙara tukunya, ƴan kabu-kabu su kwana suna jigila. Abin da ke tara wannan jama'a shi ne tseren ƙafa da ake yi daga cikin gari zuwa ƙololuwar Dutsen Kamaru a sake gangarowa, duk a wuni ɗaya. Mutanen ƙasar suna ce masa Course de l'Espoir, wato Tseren Fata. Ƴan kasuwarmu masu bin hanyar Garwa da Ngaundere har zuwa Duwala sun sha jin labarinsa a rediyo, don daga Duwala zuwa Buea tafiyar kimanin kilomita 70 ce kawai. Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayanin wannan dutse da hanyoyinsa, da abin da ake samu da abin da ake rasawa a kansa.

Dutsen da mutanensa

Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000 daga bakin teku, kuma babu wanda ya kai shi tsawo a duk yammaci da tsakiyar gaɓar Afirka. Don mai karatu ya kwatanta, dutse mafi tsawo a Nijar shi ne na Bagzan da ke cikin Ayar, mai mita 2,022. Ke nan sai an ɗora Bagzan biyu, ɗaya bisa ɗaya, sannan a kama kan Dutsen Kamaru. Ƙafarsa tana cikin tekun Atlantika, kansa kuma yawancin lokaci yana cikin gajimare.

Dutse ne mai aman wuta, kuma har yanzu da ransa. Ya yi amai a shekarun 1909, 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. A na 1999 narkakken dutse ya gangaro ta ɓangaren teku har ya datse hanyar kwalta a kusa da ƙauyen Bakingili, a yammacin garin Limbe. Duk da haka mutane ba su guje masa ba, saboda tokar da yake zubarwa ita ce ta mai da ƙasar wurin baƙa mai albarka. Ayaba, gwaza, tumatir, doya da kayan miya suna yi sosai. Ga kuma ruwan sama. A ƙauyen Debundscha da ke gindin dutsen ta wajen teku, ruwan da ke sauka a shekara yakan kai milimita 10,000, abin da ya yi kusan ruwan damina ashirin na Maraɗi.

Ƴan asalin wurin su ne ƙabilar Bakweri. Suna kiran ƙololuwar Fako, kuma a al'adarsu ta gargajiya dutsen yana da mai gadi da suke ce wa Efasa Moto, rabinsa mutum rabinsa dutse. Har gobe, kafin ranar tsere, sarakunan gargajiyarsu sukan yi ƴan tsafe-tsafensu na neman a hau lafiya a sauko lafiya.

Tarihin da ke bakin hanya

Wanda ya bi hanyar tseren zai ratsa ta tsakiyar tarihin Kamaru. A 1891 sojojin Jamus suka hau don su ci Buea da yaƙi, amma sarkin garin, Kuva Likenye, ya tare su da mutanensa, aka kashe shugaban rundunar mai suna Gravenreuth, suka koma da baya. Sai a 1894 suka sake dawowa da ƙarfi suka ci garin. Daga nan Turawa suka ƙwace mafi kyawun gonakin gindin dutsen suka mai da su manyan gandaye. Waɗannan gandaye su ne daga baya, a 1947, aka haɗa ƙarƙashin kamfanin gwamnati na CDC mai noman ayaba, roba da kwakwar manja.

Saboda sanyin wurin da ƙarancin sauro, gwamnan Jamus Puttkamer ya ɗauke hedkwatar mulki daga Duwala ya kai ta Buea a 1901. Fadar da ya gina tana nan tsaye har yau, haka ma wani wurin ruwa da aka yi don tunawa da Bismarck. Bayan yaƙin duniya na ɗaya Ingila ta karɓi wannan yanki ta haɗa mulkinsa da na Najeriya, shi ya sa Ingilishi ake yi a can maimakon Faransanci. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen yankin suka zaɓi haɗuwa da Kamaru, Buea ta zama hedkwatar Kamaru ta Yamma har zuwa 1972. Mai karatu ya riƙe wannan, don daga nan rikicin da za mu ambata a gaba ya samo tushe.

Yadda hanyar take

Garin Buea kansa a jingine yake da dutsen. Babbar hanya guda ce ta ratsa shi, daga tashar mota ta ƙasa tana hawa ta unguwar Molyko, inda jami'a take, ta wuce kasuwar Great Soppo, har ta kai tsohon gari can sama. Daga filin wasa na Molyko ake tashi da sassafe, nan kuma ake komowa. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 38 ne, kamar mutum ya tashi daga Damagaram ya je Mirriya ya komo, har da ƴar ɗoriya. Sai dai nisan ba shi ne wuyar ba. Wuyar ita ce a cikin rabin wannan tafiya sai mutum ya hau sama da mita 3,000.

Zangon farko kwalta ce, jama'a sun yi layi dama da hagu suna kiɗa da guɗa. Nan ne zuciya ke ruɗin sabon shiga ya saki gudu, ya ƙone ƙarfinsa tun bai taɓa dutsen ba. In an wuce gonakin gidan kaso da ke saman gari sai kwalta ta ƙare, a shiga kurmi mai duhu, ga santsi ga saiwoyin itace sun gitta hanya. Cikin kurmin ne ake isa bukka ta ɗaya, a wajen mita 1,850. Waɗannan bukkoki ƴan ɗakuna ne da aka gina don matafiya su huta, kuma a ranar tsere nan ake tantance wanda ya wuce, a ba shi ruwa.

Sama kaɗan da mita 2,000 kurmin yakan yanke kamar an sa wuƙa, a fita fili mai ciyawa. Tsakanin nan da bukka ta biyu, wadda ke wajen mita 2,850, hawan ya miƙe tsaye ƙwarai. Babu mai gudu a wannan wuri, ko gwanin gwanaye. Tafiya ake yi a duƙe, hannu bisa gwiwa, wani wurin har da rarrafe. Daga bukka ta biyu zuwa ta uku, a wajen mita 3,750, ciyawa tana raguwa har ta ƙare, ba abin da ya rage sai baƙin dutse mai kaifi da tsakuwa mai zamewa. Daga nan kuma sai ƙololuwa.

Abu biyu ke jiran mutum a can sama. Na farko sanyi: duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, saboda haka wanda ya bar Molyko yana gumi zai tarar da iska mai kaɗawa da sanyin da ke kusa da daskarar da ruwa. Na biyu ƙarancin iskar shaƙa: a mita 4,000, abin da huhu ke samu a kowane numfashi bai wuce kashi 60 cikin 100 na abin da yake samu a bakin teku ba. Shi ke kawo ciwon kai, jiri da amai, kuma bai san mai ƙarfi ba.

Masu tseren da yawa suna cewa saukowa ta fi hawa haɗari. Ƙafa ta riga ta gaji, gangara tana jan mutum, tsakuwa tana gudu a ƙarƙashinsa, in ya faɗi kuma dutsen yana yanka kamar fasasshiyar kwalba. Ba abin mamaki ba ne a ga ɗan tsere ya shigo fili gwiwa da tafin hannu duk jini. Tare da haka, gwanayen maza sukan gama cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka, gwanayen mata kuma cikin awa biyar da wani abu. Matafiyi na yau da kullum kwana biyu yake yi a wannan hanya. Akwai rukunin matasa da na dattawa da ke juyowa daga tsakiyar hanya, akwai kuma na ƙungiya inda ake miƙa wa juna.

Ban da wannan hanya ta tsere akwai wata mai tsawo da masu yawon buɗe ido suka fi so, ta kwana uku. Ana hawa ta hanyar tseren, a sauko ta bayan dutsen, a ratsa ramukan da aman 1999 ya bari, a kwana a wata maɓuɓɓuga da ake kira da sunan Gustav Mann, wani Bajamushe masanin tsirrai da ya hau dutsen tare da Richard Burton a farkon shekarun 1860, sannan a gangaro ta kurmi zuwa ƙauyukan Bakweri. Tun 2009 saman dutsen ya zama gandun dajin gwamnati mai faɗin kimanin hekta 58,000, inda har yanzu ake samun giwayen kurmi. Ba a shiga sai da izini da ɗan jagora. Wannan doka ta zama hanyar abinci ga samarin ƙauyukan, waɗanda ke aikin jagora da dako, wasunsu kuma tsofaffin maharba ne da suka ajiye bindiga.

Daga 1973 zuwa yau

An fara tseren a 1973, kamfanin giya na Guinness ne ya ɗauki nauyinsa shekaru da dama, shi ya sa har yau ake kiran hanyar da sunansa. A shekarun farko Turawa sun taɓa rawar gani: wani limamin coci mai suna Walter Stifter ya ci sau uku a shekarun 1970, daga baya ɗan Ingila Mike Short shi ma ya ci. Ƴan ƙasa irin su Timothy Lekunze ne suka komo da tutar gida. A 1996 aka sa masa sunan Tseren Fata, kuma yanzu hukumar wasannin guje-guje ta Kamaru da ma'aikatar wasanni ke shirya shi.

Abin lura shi ne yawancin zakarun shekarun nan daga jihar Arewa maso Yamma suke fitowa, ƙasar tuddai inda yaro ke tashi yana hawa da gangara zuwa gona, zuwa rafi, zuwa kiwo. Godlove Gabsibuin ya ci sau da dama a ɓangaren maza, Yvonne Ngwaya da Tatah Carine a ɓangaren mata, kuma a 2021 Ali Mohamadou ne ya zo na ɗaya. A shekarun baya-bayan nan wanda ya ci a maza da wadda ta ci a mata kowa yana karɓar sefa miliyan 10, wato jika dubu goma, babu bambanci. Ga ɗan ƙauye manomi wannan jari ne na sake rayuwa, kamar dai yadda takobin kokawa yake ga ɗan kokawarmu. Sefar Kamaru da tamu darajarsu ɗaya, takardun ne suka bambanta, saboda haka lissafin bai buƙatar canji.

Sarauniyar Dutse

Duk wanda aka tambaya a Buea wa ya fi suna a wannan tsere, suna ɗaya zai faɗa: Sarah Etonge. Ƴar Bakweri ce, haifaffiyar gindin dutsen, uwar ƴaƴa bakwai, kuma ita ce ke ɗauke da nauyinsu. Ba ta yi nisa a lekwal ba, ba ta kuma taso a hannun manyan masu horarwa ba. Ta shiga tseren tana da ƴaƴa, a shekarun da wasu ke ganin mace ta gama abin da za ta yi a duniya. Ta zo ta ɗaya sau huɗu a jere daga 1996 zuwa 1999, ta ci gaba da ci har ta cika sau bakwai a 2005. Daga nan aka laƙaba mata Sarauniyar Dutse. A 2006 aka kafa mutum-mutuminta a Buea, a 2007 kuma aka fitar da wani fim na gaskiya mai suna Volcanic Sprint wanda ya nuna ta ga duniya.

To amma suna ba ya cika tukunya. A zamanin da take ci, kuɗin kyautar bai kai na yanzu ba, ga bakin yara bakwai. An yi mata alkawarin gida, ta yi shekaru tana jira kafin a miƙa mata makulli. Ƴan uwa mata da ke zaune bakin tebur ko gaban kaskon tuya ba sa buƙatar a fassara musu wannan. Tashi tun asuba, ɗaukar kaya mai nauyi a ka, lissafin kuɗin cefane da na likita da na adashi, duk sun san su. Bambancin kawai ita nata kayan ta kai shi mita 4,000 a gaban kyamarar talabijin, shi ya sa aka gani aka tafa.

Kasuwar ranar tsere

Makon tsere kaka ce ga ƴan kasuwar Buea. Matan da a Kamaru ake ce wa buyam-sellam, wato masu saro kaya daga ƙauye su sayar a gari, sukan tanadi ayaba, gasasshen kifi, dafaffen ƙwai, ruwan sanyi da lemo su jera a bakin hanya tun kafin gari ya waye. Masu tsire, wanda a can ake kira soya, kuma da yawansu Hausawa da Fulani ne daga arewacin ƙasar, ba sa sauke wuta sai dare ya raba. Masu ɗinki da masu buga riguna su ma suna samun rabonsu. A kusa da gari akwai kasuwar Muea, babbar kasuwar kayan gona, inda masu saye ke zuwa daga Duwala har ma daga ƙasashen maƙwabta.

Irin wannan ciniki kuwa ba ya yiwuwa sai da kwanciyar hankali, kuma nan ne gizo ke saƙa. Tun ƙarshen 2016 jihohi biyu masu magana da Ingilishi suka shiga rikici da gwamnatin Yawunde. Abin ya faro daga yajin aikin lauyoyi da malaman makaranta, a 2017 ya rikiɗe ya zama faɗa da makami tsakanin sojoji da ƴan aware. Dubban mutane sun rasa rayukansu, dubban ɗaruruwa sun bar gidajensu, wasu sun tsallaka Najeriya. Ƴan aware suka ƙaƙaba wa jama'a zaman gida kowace Litinin: ba kasuwa, ba mota, ba lekwal. Mai sayar da tumatir ta san abin da rufe kasuwa wuni guda kowane mako yake nufi, don tumatir ba ya jiran a sasanta. Wanda ya buɗe shago yana tsoron ƴan bindiga, wanda ya rufe yana tsoron hukuma. Masu yawon buɗe ido suka ja baya, ƴan jagora da ƴan dako suka rasa aiki.

Tseren ma bai tsira ba. Ranar 25 ga Fabrairun 2023, jim kaɗan bayan an tashi, wasu abubuwa suka fashe a kan hanyar cikin gari, mutane kusan ashirin suka jikkata, cikinsu har da ƴan tsere. Wata ƙungiyar ƴan aware ta ce ita ta yi. Duk da haka ba a tsai da tseren ba, waɗanda suka tsira suka hau suka sauko. Shekarar da ta biyo, 2024, wani abin baƙin ciki na daban ya faru: ɗan tseren Kenya Charles Kipsang, wanda ya daɗe yana kan gaba a ranar, ƙarfinsa ya ƙare dab da ƙarshe, ya lallaɓa ya tsallake layi, sannan ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Mutuwarsa ta sa mutane da yawa tambaya game da gwajin lafiyar da ake yi wa masu shiga da kuma tanadin likitoci a kan hanya.

Ga mai niyyar zuwa

Ɗan kasuwar da harka ta kai shi Duwala yana son ya ga abin da idonsa, zai ɗauki mota ta Bonaberi, ya bi Tiko da Mutengene, ya hau zuwa Buea. Lokacin da ya dace shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris, don da damina hanyar dutsen ba ta biyuwa. Ya tambayi ƴan uwa mazauna can halin da ake ciki kafin ya tashi, ya kauce wa tafiyar ranar Litinin da ta dare, ya riƙe takardunsa da katin rigakafin shawara a jikinsa, ya kuma canza kuɗinsa zuwa sefar can tun a Duwala.

Wanda kuma ke son ya taɓa hawan, ko da zuwa bukka ta ɗaya ne, ya nemi ɗan jagora ta ofishin gandun dajin, ya sa takalmi mai kauri, ya ɗauki rigar sanyi da ruwa isasshe, don sama da kurmi ruwan sha yana wuya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. In kai ya fara sarawa ko jiri ya kama mutum, maganin guda ne: ya juya ya sauko. Mu mutanen fili ne, jikinmu bai saba da irin wannan tudu ba, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Har yanzu ana yin tseren kowace shekara, sojoji na gadin hanya, matan Buea kuma na fitowa da kwandunansu, don ba su da wata gonar da ta wuce wannan. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya kawo wa mutanen gindin Fako sauƙi, kasuwanninsu su koma ci ranar Litinin kamar sauran ranaku, mu ma ya zaunar da tamu ƙasa lafiya.